Fastonmu zai yi ritaya, wa zai kawo mana wani?

"Baba Rabaran, barka da aiki. Ni malamar firamare ce. A ECWA na tashi, aure ne ya kawo ni Baftis shekara tara da suka wuce. Fastonmu zai yi ritaya a ƙarshen shekarar nan bayan shekara 22 tare da mu, kuma zumuntar mata ta ba da sunana in wakilce ta a kwamitin neman sabon fasto. A inda na fito DCC, wato majalisar ikilisiyoyin gunduma, ita ce ke turo fasto, namu dai mu share gida, mu dafa abinci, mu tarbe shi. A nan kuwa an ce mu ne za mu nemo. Ta ina ake farawa? Wa ke da maganar ƙarshe? Ga shi tun yanzu wani babba a ikilisiya ya fara kawo mana sunan ɗan garinsu. Ina tsoro kada mu yi kuskure."

'Yata, barka kadai. Ubangiji ya ba ki hikima a wannan hidima da matan ikilisiyarku suka ɗora miki. Tsoron da kika ce kina ji alama ce mai kyau a wurina, domin ɗan kwamitin da ke tayar mini da hankali shi ne wanda ya shigo zaman farko da suna a aljihunsa. In na fahimce ki daidai, abu uku kike tambaya: ta ina ake kama aikin, wa ke yanke hukunci a ƙarshe, da yadda za ku yi da babban da ya riga ku yin zaɓe. Na yi hidima a ikilisiyoyi uku, duka ukun kirana aka yi, daga baya kuma na zauna da kwamitoci da dama ina ba su shawara da sunan asosiyeshan, wato ƙungiyar ikilisiyoyin Baftis na yanki ɗaya. Na ɗanɗana abin ta gefen wanda ake nema, na kuma ɗanɗana shi ta gefen masu nema.

Me ya sa mu ba a turo mana fasto

Tsarin da kika saba da shi a ECWA yana da nasa amfanin. DCC ta san fastocinta, ta san ikilisiyoyinta, sai ta haɗa wannan da waccan, in lokaci ya yi ta yi canjin wurin aiki. A Angilikan da Katolika bishop ne ke da wannan iko. Baftis tun tushenta ba haka ta tashi ba. Waɗanda suka kafa ikilisiyar Baftis ta farko a Amsterdam a 1609, tare da John Smyth, mutanen Ingila ne da suka bar ƙasarsu saboda sun ƙi yarda sarki da bishop su tsara musu sujada su naɗa musu shugabanni. Abokin tafiyarsa Thomas Helwys ya koma Ingila wajen 1612, ya kafa ikilisiya a Landan, a kurkuku kuma ya ƙare ransa. Abin da suka riƙe shi ne, duk inda masu bi da aka yi wa baftisma suka taru suka ɗaure alkawari da juna, ikilisiya ta cika, Almasihu ne kanta, kuma tana da ikon zaɓen masu yi mata hidima. Suna kafa hujja da wurare irin su Ayyukan Manzanni sura 6, inda manzanni suka tara dukan masu bi suka ce su zaɓi mutum bakwai daga cikinsu. Jama'a suka zaɓa, manzanni suka yi addu'a suka ɗibiya musu hannu.

Mu ma a Najeriya ba a takarda kaɗai muka koyi wannan ba. Thomas Jefferson Bowen ne ya kawo aikin Baftis ƙasar nan a 1850, kuma babban rikici na farko da aka yi, a kan fasto aka yi shi. A Legas a 1888, Moses Ladejo Stone ya samu saɓani da ɗan mishan W. J. David a kan albashi, wanda bai ishe shi ba har ya fara ɗan kasuwanci a gefe. Stone ya rabu da aikin ba tare da an tuntuɓi jama'ar ikilisiya ba. Mutane suka ce ba za ta saɓu ba, fastonsu ne, su ya kamata a tambaya. Da yawansu suka fice suka kafa tasu ikilisiyar, wadda aka sani yau da Ebenezer. Ki lura da abu biyu da suka haɗu a labarin nan, kuɗin fasto da haƙƙin jama'a, domin har gobe su ne ke tayar da ƙura. A nan arewa kuma, ikilisiyoyin Baftis na farko a garuruwa irin su Zariya, Jos, Kaduna da Kano, Yarabawa 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka fara su da kansu. Tsayawa da ƙafar kai ta daɗe a jikinmu.

Saboda haka amsar tambayarki ta biyu a fili take. Maganar ƙarshe tana wurin taron ikilisiya, wato mambobin da sunansu ke cikin rajista, in sun zauna bisa ƙa'ida suka yi addu'a suka kaɗa ƙuri'a. Kwamitinku bincike zai yi ya kawo shawara. Dikinoni da kwamitin zartarwa za su duba su miƙa. Tsohuwar da ke sayar da daddawa da babban ɗan kasuwan da ya sayi janareta, ƙuri'a ɗai-ɗai suke da ita. Babbar ƙungiyarmu, Nigerian Baptist Convention, wato Konbenshan, wadda aka kafa a Ibadan a 1914, ikilisiyoyi ne suka haife ta domin su haɗa hannu a kan bishara da makarantu da horar da fastoci, kuma ba ta naɗa wa ikilisiya mai cin gashin kanta fasto. Inda ake turo ma'aikaci shi ne ƙaramar tashar wa'azi da ke ƙarƙashin uwar ikilisiya, ko filin mishan da bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna.

Amma kada 'yancin nan ya ruɗe ku ku ce ba ruwanku da kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, sai dai maƙwabci ya fi shi sanin halin magina. Modaretan asosiyeshan ɗinku, wato shugabanta, da shugaban konfarans, wadda ta haɗa asosiyeshan da yawa, sun san fastoci fiye da ku. Sun san wanda ya bar ikilisiya lafiya da wanda ya bar ta a rabe, sun san wanda yake ƙarƙashin horo, suna kuma iya tabbatar muku da takardun mutum. Ku sanar da su tun ranar da aka kafa kwamiti, ku gayyace su su zauna da ku ko sau ɗaya. Ke kuma, kafin zama na farko, ki nemi tsarin mulkin ikilisiyarku daga wurin sakatare ki karanta sashen kiran fasto. Duk inda maganata ta saɓa da abin da ke rubuce a ciki, shi za ku bi, domin ban ga naku ba, kuma kowace ikilisiya da nata.

Kafin a ambaci sunan kowa

Aiki na farko shi ne ku sallami Baba mai ritaya da mutunci. Ku biya shi duk abin da yake bin ikilisiya, ku tabbata kuɗin fanshonsa da ya kamata ku riƙa zubawa ba su da giɓi, ku san inda zai zauna bayan ya bar gidan fasto. Fastocin da za ku nema suna kallon wannan. Mu fastoci muna jin labarin juna, kuma ikilisiyar da ta wulaƙanta tsohonta, mutumin kirki yakan yi tunani sau biyu kafin ya amsa kiranta. A ɗaya gefen kuma, a gaya wa Baba cikin ladabi cewa zaɓen magaji ba ya cikin aikinsa. Ana iya jin shawararsa a kan bukatun ikilisiya, shekara 22 ba wasa ba ce, amma kada ya zauna a kwamiti, kada kuma ya nuna wani da yatsa. Ni da kaina na san yadda zuciya ke so ta bar garke a hannun wanda ta yarda da shi. In aka bi wannan son, sabon fasto zai zama ɗan Baba a idon wasu, bare a idon wasu, tun kafin ya sauke kayansa.

Bayan ya tafi, shawarata ita ce ku ɗauki fasto na riƙon ƙwarya. Sau da yawa tsohon fasto mai ritaya daga wani wuri, ko malami daga makarantar tauhidi, shi ya fi dacewa. A rubuta a takarda cewa ba ya cikin waɗanda za a duba, domin in yana da rabo a ciki, kowane wa'azinsa zai koma neman ƙuri'a. Mutane sukan ce me ya sa za a ɓata lokaci, a kawo sabo kawai ranar da tsoho ya sauka. Dalilin shi ne ikilisiyar da ta yi shekara 22 da mutum ɗaya tana cikin wani irin makoki ko da ba ta sani ba. Shi ya ɗaura auren rabinku, shi ya yi wa 'ya'yanku baftisma, shi ya binne iyayenku. Duk wanda ya hau bagadin nan mako na gaba, da Baba za a auna shi, daga muryarsa har yadda yake gaisawa a bakin ƙofa, kuma ba zai kai ba. A abin da na gani, wata shida zuwa shekara guda ba su yi yawa ba. Sauri ya haifi nawa. In kuna da mataimakin fasto, ku yanke tun farko ko za a duba shi, ku gaya masa a fili. Barin mutum yana rataye shekara guda, bai san ko shi ne ko ba shi ba, zalunci ne.

A cikin wannan tsakanin ne kwamiti zai yi aikin da aka fi tsallakewa, wato sauraron jama'a. Ku zauna da zumuntar mata daban, maza daban, matasa daban, 'yan kwaya, malaman makarantar Lahadi, da tsofaffin da ba sa iya zuwa majami'a. Kada ku tambaye su wane fasto suke so, domin kowa zai ce mai wa'azi, mai addu'a, mai ziyara, saurayi mai hankalin dattijo. Ku tambaye su me ke ciwo a ikilisiyar nan. Wataƙila matasa suna zarewa zuwa wasu majami'u. Wataƙila an daɗe ba a ga rahoton kuɗi ba. Wataƙila kuna da sujadar Hausa da ta Turanci, kuma ɗaya tana jin an mai da ita 'yar bora. In haka ne, fastonku dole ya iya wa'azi da harsunan biyu har tsohuwa ta gane, ɗan jami'a kuma ya ƙaru. Amsoshin nan su ne za ku rubuta a shafi ɗaya, ku karanta wa ikilisiya ta amince, ya zama ma'aunin da za ku auna kowa da shi. Ku ɗora shi a kan 1 Timoti sura 3 da Titus sura 1. In kika karanta jerin da Bulus ya bayar a hankali, za ki ga kusan duka a kan hali yake: mijin mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai faɗa ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙon gidansa, mai kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ke waje. A fannin gwaninta, abin da ya ambata a fili shi ne iya koyarwa.

Sunan da babba ya kawo

Sunaye za su zo ta hanyoyi da yawa: daga mambobi, daga asosiyeshan da konfarans, daga makarantunmu na tauhidi irin su ta Ogbomosho da aka fara a 1898 da ta Kawo a Kaduna. Wasu fastoci ma da kansu za su aiko da takardunsu. Babban da kika ambata yana da haƙƙin kawo suna kamar kowane mamba. Ku karɓa, ku yi masa godiya, ku sa sunan a jeri ɗaya da sauran, a auna shi da shafin nan da ikilisiya ta amince da shi. Kada ku ƙi mutum don ɗan garin wani ne, yana iya zama shi ne Ubangiji ya shirya muku. Abin da za ku tsare shi ne hanya. Ku ɗaure alkawari a zaman farko cewa abin da aka faɗa a kwamiti a nan zai tsaya, ba mai gaya wa miji ko mata, kuma ba ɗan kwamitin da zai gana da ɗan takara shi kaɗai ko ya karɓi kyauta daga hannun kowa. In babban ya tare ki a hanya, amsa ɗaya ta isa: "Baba, mun karɓi sunan, kwamiti na kan addu'a, ikilisiya ce za ta yanke." Ki maimaita ta duk lokacin da ya tambaya.

Zan faɗa miki abin da mutane ba sa son a faɗa. A ikilisiyoyinmu na arewa, inda ƙabilu biyar ko goma ke sujada a ƙarƙashin rufi ɗaya, ƙabilanci yakan shigo kwamiti sanye da rigar addu'a. Wani zai ce Ruhu ya nuna masa wane, in ka bincika sai ka tarar yarensu ɗaya. Maganinsa shi ne a kira abin da sunansa tun farko, a kuma tabbata kwamitin kansa ya haɗa kowane ɓangare, mutum bakwai ko tara, ba mutanen gida ɗaya ba.

Gani ya kori ji

Idan kuka tace sunayen suka rage uku ko huɗu, nan ne ainihin aikin, kuma nan nake roƙonku ku daɗe. Yawancin ikilisiyoyin da na ga sun yi da-na-sani, wa'azin Lahadi ɗaya ne ya saye su. Kowane fasto yana da wa'azi biyu ko uku da ya goge su har suna ƙyalli, ni ma ina da nawa. Na taɓa ba wata ikilisiya shawara su jinkirta, suka ƙi, domin wani baƙon mai wa'azi ya sa su kuka ranar Lahadi. Suka kira shi cikin mako uku. Ba wanda ya je inda ya fito. Kafin shekara biyu ta cika, baitulmali ya zama abin faɗa, dikinoni biyu sun ajiye aiki, sai a lokacin aka ji cewa irin haka ya bar ikilisiyarsa ta baya. Labarin yana nan a bakin kowa a garin can, kuɗin mota kawai ya raba su da shi. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Ku tafi inda mutumin yake hidima, ku biyu ko uku, ba tare da sanarwa ba. Ku shiga kamar baƙi, kada ku zauna a jere, kada ku zo da littattafan rubutu kamar masu duba makaranta, domin in jama'arsa suka gane an zo ɗauke musu fasto kun jefa shi cikin wahala. Ku ji wa'azinsa na yau da kullum, wanda bai shirya don ku ba. Sannan ku tsaya bayan an tashi. Na tuna wata tafiya da muka yi zuwa wani ƙauye da damina, babur ya kai mu rabin hanya muka ƙarasa da ƙafa. Wa'azin da muka ji ba abin da za a ba da labari ba ne, a hankali yake magana, yana bin aya ɗaya bayan ɗaya. Da aka tashi ya tsaya a bakin ƙofa, sai ga wata tsohuwa da sanda. Ya durƙusa ya gaishe ta da yarenta, wanda ba nasa ba ne, ya tambaye ta ko akuyar da ta ɓata ta dawo, ya kuma tambayi jikanta da aka kwantar a asibiti, da sunansa. Yara suka rataye a rigarsa ba wanda ya ji tsoro. Muka ga matarsa tana dariya da matan kwaya, ba a keɓe take ba. A hanyar komawa muka tsaya shan ruwa wurin wani mai shago Musulmi da ke kusa da majami'ar, hira ta kawo mu kan faston, ya ce: "Malamin nan in ya karɓi kaya bashi, ran da ya ce zai biya, ran nan yake biya." Ɗaya daga cikinmu ya ce shi dai ya gama nasa binciken. Ikilisiyar da ta kira shi ta zauna da shi lafiya shekaru masu yawa.

Bayan ziyara sai tambaya. Ku tuntuɓi modaretan yankinsa, da makarantar da ya ce ya gama, da wani dattijo a ikilisiyar da ya bari kafin wannan. Ku tambayi yadda yake da kuɗin ikilisiya, yadda yake da mata, yadda yake in an saɓa masa a taro, da dalilin barinsa kowane wuri. In kuka ga mai amsa yana kewaye-kewaye, ku ƙara tambayar wani, ruwa ba ya tsami banza. Amma ku yi adalci, domin akwai fastocin kirki da ikilisiya mai wuyar hali ta kora, kuma mai ƙiyayya ba ya rasa abin faɗa. Zargi ɗaya daga bakin mutum ɗaya bai isa a yar da bawan Allah ba.

Zama da shi, da maganar kuɗi

Daga nan kwamiti ya tsayar da mutum ɗaya, ya bi shi har ƙarshe. In bai yiwu ba, a koma kan na biyu. Ina hana ikilisiyoyi jera fastoci uku su yi wa'azi Lahadi uku a jere sannan a zaɓa, kamar gasar kwaya. Abin da ke biyo baya shi ne kowane ɗan takara ya samu magoya baya, wanda ya ci kuma ya tarar da kashi biyu na ikilisiya da suka so wani.

Ku gayyace shi zama, tare da matarsa in yana da aure. Ku ji labarin tubarsa da kiransa, ku ji abin da ya gaskata a kan baftisma, Jibin Ubangiji, da ikon taron ikilisiya. Wannan na ƙarshe ki sa masa kunne sosai, domin akwai masu takardar Baftis da zuciyar mai majami'ar kansa, waɗanda ke ganin tambayar fasto lissafin kuɗi rashin bangaskiya ne. Ku kuma ku buɗe masa cikinku, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In akwai bashin gini, ku faɗa. In akwai gidaje biyu da ba sa ga maciji, ku faɗa. In unguwarku tana da matsalar tsaro, ku faɗa masa gaskiya. Tun bayan sace ɗaliban makarantar Bethel Baptist kusa da Kaduna a Yulin 2021, ba na ganin laifin faston da ya tambayi inda 'ya'yansa za su kwana da inda za su yi karatu. Game da matarsa kuwa, ke da kike wakiltar mata ki tuna wa kwamiti cewa mijinta ake kira. Za ta yi hidima gwargwadon baiwarta, amma ba ma'aikaciyar kyauta ba ce da aka haɗa a cikin ciniki, kuma in tana da aikin gwamnati ko sana'a a inda suke, ƙaurar nan tana da tsada a wurinta.

Maganar albashi a yi ta a wannan zaman, da lambobi. Konbenshan tana da tsarin albashi da ke la'akari da karatun fasto da shekarunsa a aiki. Ku nemi na yanzu daga ofishin konfarans, ku duba baikonku da zakkarku na shekarar da ta wuce, ku faɗi abin da za ku iya biya kowane wata ba fashi. Gida, magani, kuɗin tafiye-tafiye, hutun shekara, fansho, kuɗin ɗauko kayansa, duk a rubuta. Bulus ya faɗa a 1 Korantiyawa sura 9 cewa masu shelar bishara su ci daga bishara. Alkawarin "ka zo dai, Allah zai tanada" ya sa fastoci da yawa sun koma noman haya da bashin makarantar yara, daga nan kuma ɗacin rai ke hawa bagadi. Ƙaramar ikilisiyar da ba ta da ƙarfi gara ta nemi ɗalibin tauhidi ko sabon wanda ya gama, ko ta yarda fasto ya haɗa da wata sana'a, da ta yi alkawarin da ba za ta cika ba.

Ranar ƙuri'a

In kwamiti ya gamsu, shi ma ya nuna yana buɗe ga kiran, sai a gayyace shi ya yi ƙarshen mako tare da ku. Ya yi wa'azi, ya koyar da nazarin Littafi Mai Tsarki, ya zauna da ƙungiyoyi su yi masa tambayoyi. A wannan matakin wa'azin yana da amfani, domin ya zo ne a kan bincike. Bayan ya tafi, a sanar da taron ikilisiya na musamman daidai yadda tsarin mulkinku ya ce. Yana da kyau wani daga asosiyeshan ya zo ya shaida. Kwamiti ya karanta rahotonsa, ya amsa tambayoyi, a yi addu'a, a kaɗa ƙuri'a. Ni ina goyon bayan ƙuri'ar takarda a asirce, domin in aka ce a ɗaga hannu, mace ba za ta saɓa wa mijinta a fili ba, mai haya ba zai saɓa wa mai gidansa ba. Ikilisiyoyi da yawa suna neman kashi biyu cikin uku, wasu uku cikin huɗu. In ƙuri'a ta tsallake da ƙyar, ku gaya wa faston adadin yadda yake, ya san abin da zai tarar. An taɓa kirana da rinjaye siriri, na yi addu'a na ba su haƙuri, kuma har yau ina ganin alheri na yi musu.

Daga nan sakatare ya rubuta takardar kira, da ranar fara aiki da duk sharuɗɗan da aka amince. A ba shi lokaci ya yi addu'a ya amsa a rubuce, domin kira sai ya haɗu ta gefe biyu, ikilisiya ta ji, shi ma ya ji. Yana iya cewa a'a, kuma wannan ba cin fuska ba ne. In ya amsa, zai ba ikilisiyarsa ta yanzu sanarwa yadda ya kamata, kada ku matsa masa ya gudo. In ba a naɗa shi Rabaran ba tukuna, wannan hanya ce dabam da za ta bi ta ikilisiya zuwa asosiyeshan da konfarans har Konbenshan, kuma ba ta hana shi fara aiki.

Iyakar abin da zan iya ba ki ke nan, 'yata: hanya ce mai rage kuskure, ba ta kawar da shi. Na ga kwamitin da ya bi kowane mataki, bayan shekara uku zama ya ƙi daɗi. Annabi Sama'ila ma da ya ga Eliyab ya ɗauka shi ne, sai da Ubangiji ya tuna masa cewa mutum yana duban waje, shi kuwa zuciya yake dubawa. Shi ya sa a Antakiya, cikin Ayyukan Manzanni sura 13, suna cikin sujada da azumi ne aka keɓe Barnaba da Shawulu. Ku sa ranar azumi ta ikilisiya duka, ko sau ɗaya a wata, har aikin ya ƙare, kuma kowane zaman kwamiti ya fara da addu'a ta gaske, wadda kowa zai buɗe baki.

Abu ɗaya kuma da ya fi dacewa ya fito daga bakinki a zama na farko: ku je ku duba gidan fasto da idonku da zarar Baba ya kwashe kayansa. Gidan da aka zauna shekara 22, mai gidan ya saba da lalurarsa har ya daina gani. Ku duba rufi kafin damina, ku duba makewayi, ku duba madafa da inda ake ɗebo ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da na isa ikilisiyata ta biyu, a daren farko ruwan sama ya sauko, ni da maman yara muka kwana muna jera robobi a tsakar ɗaki. Da gari ya waye matan zumunta suka zo da kunu da ƙosai, shugabarsu ta ga robobin ta yi shiru, kafin azahar ta tara maza da kwano da ƙusa a kan rufin.